Jiri da amai cikin mota: abin da ke kawo su, da kayan da aka ƙera don rage su

Wannan jawabi ne a kan lahiya. An shirya shi don cibiyoyin karatun manya. Mutum ɗaya ya karanta, saura su saurara. In an kai ƙarshen kowane kashi, sai a dakata kaɗan a tattauna.



Maganar yau maganar tahiya ce. Daga Yamai zuwa Maraɗi hanya ta hi kilomita 600. Daga Yamai zuwa Damagaram ta kusa kilomita 900. Ban da babbar hanya, ga motocin kasuwa masu bin hanyar ƙasa mai ramu da gargada. Ga ƴan cin rani, ga mahajjata masu shiga jirgin sama, ga masu ƙetare kogin Isa cikin jirgin ruwa.

Cikin kowace mota da wuya a rasa mutum ɗaya ko biyu da tahiya ke wahalshewa. Abin yana farawa da hamma. Sai miyau ya cika baki. Sai zufa mai sanyi ta karyo, kai ya yi nauyi, zuciya ta tashi, daga nan sai amai. Wata macen tsoron mota kaɗai ke sa ta ƙi zuwa babbar asibiti bayan likita ya tura ta. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Yanzu kuma ana tallar kaya iri-iri cikin wayar salula da shagunan birni. Akwai na ɗaurawa a hannu, akwai tabarau, akwai na mannawa bayan kunne. Kahin mutum ya saida buhun gero ya sayi ɗaya, ya kamata ya san abin da ke kawo ciwon. Wanda ya san tushen abu, ba a cin kuɗinshi a banza.

Ma'aunin da ke cikin kunne

Kunne ba don ji kaɗai aka yi shi ba. Can ciki, bayan dodon kunne, cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan ɗaki. Ido ba ya ganinshi, tsinke ba ya kai gare shi. A nan ma'aunin tsayuwar mutum yake.

Cikin ɗakin akwai ƴan bututu 3 masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa. Kowane yana huskantar nashi ɓangare. Ɗaya yana lura da juya kai dama da hagu. Sauran biyun suna lura da sunkuyawa, da ɗaga kai, da karkata shi wajen kafaɗa. In mace ta ɗauko ƙwaryar ruwa ta juya da sauri, ruwan yana tangaɗi. Haka ruwan bututun nan yake yi. Tangaɗin yana tura wasu ƴan gashi masu laushi, su kuma su aika labari ga ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiya.

Kusa da bututun akwai ƴan jakunkuna 2. Cikinsu akwai tsakuwa ƙanana ƙwarai, ƙwayar rairayi ma ta hi su girma nesa. Abin da aka yi su da shi, shi ne abin da ke cikin ɓawon ƙwai da alli. Nauyinsu ne ke gaya wa mutum ina ne sama, ina ne ƙasa, ko da idonshi a rumtse yake. Su ne kuma ke jin tashin mota da tsayawarta. Kowane mutum yana da wannan ma'auni guda biyu, na kunnen dama da na hagu.

Shaidu ukku, alƙali ɗaya

Ƙwaƙwalwa kamar alƙali take. Shaidu ukku ke kawo mata labari. Na farko ido. Na biyu ma'aunin kunne. Na ukku ƙafafu da gaɓoɓin jiki, masu jin ƙasa. In mutum yana tahiya bisa ƙafarshi, bakin shaidun ɗaya ne, alƙali ba ya shan wahala.

To, ga mutum zaune bayan mota, kaya sun tare mashi gaba, ba ya ganin waje. Ido ya ce: ba inda aka je, ga buhu nan bai motsa ba. Kunne ya ce: ƙarya ne, ana girgiza, ana hawa ana sauka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ba wanda ya kori wani. Alƙali ya ruɗe. Wannan ruɗewa ita ce jirin mota. Wasu masana suna ganin ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ruɗewar kamar guba aka ci, shi ya sa take umurtar ciki ya yi amai.

Wannan ne dalilin da ya sa direba da wuya ya yi amai. Idonshi yana kan hanya, ya san kwanar da ke tahe tun kahin ya kai ta. Warin mai da hayaƙi da zahi suna ƙara abin, amma ba su ne tushe ba. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Raƙumi ma yana sa wanda bai saba hawa ba jiri.

Abin ya hi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, da mata, da masu ciki, da masu ciwon ɓarin kai. Jinjiri wanda bai kai shekara 2 ba da wuya mota ta sa shi amai. In jinjiri yana amai a hanya, a taɓa jikinshi, a nemi wani dalili kamar masassara ko zawo.

Yadda aka gane haka

Cikin shekarun 1820 wani masani na ƙasar Faransa, Fulurans, ya yi gwaji da tantabaru. Ya yanke bututun nan na cikin kunnensu. Sai ya ga suna ji, amma sun kasa tsayuwa, kansu yana ta kaɗawa. A shekara ta 1861 wani likita na birnin Paris, Meniyer, ya bayyana wa ƴan uwanshi likitoci cewa akwai jirin da daga kunne yake tasowa. Kahin nan ana ɗora laihin ga ƙwaƙwalwa.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Barani yana wanke kunnen marasa lahiya. Ya lura in ruwan ya yi sanyi ko ya yi zahi, sai jiri ya kama su, idonsu ya riƙa rawa. In ruwan daidai ɗumin jiki yake, ba abin da ke faruwa. Daga nan ya gano hanyar gwada ma'aunin kowane kunne. An ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1914 saboda wannan aiki.

Ga wani labari daga Amurka. Daga 1958 zuwa 1968, masu shirin aika mutane sararin samaniya sun yi aiki da kurame 11 na makarantar Galodet da ke Washinton. Goma daga cikinsu sanƙarau ne ya kurumtar da su tun suna yara, ya kuma lalata ma'aunin kunnensu. An sa 4 daga cikinsu cikin wani ɗaki mai juyawa har kwana 12, ba su yi amai ba. An kai su teku kusa da ƙasar Kanada lokacin da ruwa ke hauka. Masu binciken ne amai ya kayar, har aka dakatar da gwajin. Kuramen kuwa lahiyarsu lau.

Darasin shi ne: mai amai cikin mota, ma'auninshi yana aiki. Amma kada a ce kuramen nan sun more. Wanda ma'auninshi ya mutu yana tangaɗi cikin duhu da bisa rairayi mai laushi. A ƙasar nan, inda sanƙarau ke zuwa lokacin rani, akwai yara irinsu. In yaron da ya tashi daga sanƙarau yana faɗuwa da dare, ba shashanci ba ne. A riƙe mashi hannu, a ba shi haske. Rigakahin sanƙarau kuwa yana kare kunne tare da rai.

Kayan da ake sayarwa

Na farko, abin ɗaurawa a wuyan hannu. Ƙyalle ne mai roba kamar kambu, da ɗan ƙwallo a jikinshi. Wanda aka hi sani sunanshi Sea-Band. Ana auna yatsu 3 daga layin wuyan hannu, ta wajen tahin hannu, a sa ƙwallon tsakanin manyan jijiyoyi biyu. Dabarar ta hito daga maganin gargajiya na ƙasar Sin. Ba ya cutarwa, mai ciki ma tana iya sa shi. Amma da aka gwada shi ga matahiya, sakamakon bai zo ɗaya ba. A gwaje-gwaje da dama bai hi abin ɗaurawa na banza ba. Wanda ke son gwadawa, babban yatsanshi ya isa. Ya danna wurin na ƴan mintoci, kyauta.

Na biyu kamar agogon hannu yake, da ɗan pil a ciki. Ɗaya daga cikinsu sunanshi Reliefband. Yana aika ɗan lantarki kaɗan ga jijiyar wannan wuri, mutum ya ji tsir-tsir cikin yatsu. Ya hi na farko tsada nesa, kuma shi ma ba kowa yake wa aiki ba. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya cikin ƙirji, kada ya ɗaura shi sai da izinin likita.

Na ukku tabarau ne marar gilashi. Kamfanin motoci na Citroën ya hidda irinshi a 2018 da sunan Seetroën. Yana da zobe 4, biyu gaba, biyu a gehe, da ruwa shuɗi a cikinsu zuwa rabi. In mota ta karkata, ruwan yana nan kwance daidai, kamar ruwan ma'aunin magina. Ta haka ido yana samun labari irin na kunne. Ana sa shi minti 10 zuwa 12 in jiri ya fara, sa'an nan a cire. Lokacin da ya hito, kuɗinshi ya kai wajen jika 65. Masu sayarwa suna yabonshi ƙwarai, amma gwajin da mutanen waje suka yi mashi kaɗan ne. Aikin da yake yi kuwa, duban nesa ta taga yana yin irinshi.

Na huɗu cikin waya yake. A 2024 kamfanin Apple ya sa wata dabara cikin wayoyinshi. Wasu ɗige-ɗige suna yawo a gehen allon waya daidai da motsin mota. An yi ta don masu karatu cikin mota. Wanda ya maida wayarshi aljihu ba ya bukatarta.

Magunguna

Abin da gwaji ya hi tabbatarwa shi ne magani. Akwai ƙwayoyi a farmasi, kamar Nautamine da Mercalm. Ana shan su rabin awa ko awa ɗaya kahin a shiga mota. In an bari sai amai ya fara, ƙwayar ba ta zama cikin ciki. Suna sa barci da bushewar baki. Saboda haka direba, da mai babur, da mai tuƙa jirgin ruwa, kada su sha. Ba a haɗa su da giya. Ba a ba yaro ƙarami sai likita ya faɗi irin da ya dace da shi da yawan da za a ba shi. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita ko unguwarzoma ta asibiti tukuna.

Akwai kuma ɗan manne da ake liƙawa bayan kunne, sunanshi Scopoderm. Magani yana ratsa fata sannu sannu har kwana 3. Ana liƙa shi awoyi da dama kahin tahiya, a wanke hannu da sabulu don kada ya taɓa ido. Sai da takardar likita ake sayen shi. Ba na yara ba ne. Bai dace da dattijon da hitsari ke yi wa wuya ba, ko mai ciwon ido da ake kira gulokoma. Yana kuma rage zufa. Cikin zahin bazara, jikin da ba ya zufa yana iya ɗaukar zahi mai kisa.

Ƙwayar da ake tallarta cikin tire a tasha, wadda rana ta gasa, ba takarda ba kwanan wata, a bar ta inda take.

Dabarun da ba su cin ko dala

A zauna gaba, ko kusa da gaba, a huskanci inda mota ta dosa. Bayan mota ya hi ko'ina girgiza. Cikin jirgin ruwa da jirgin sama, tsakiya ta hi kwanciyar hankali.

A kafa ido can nesa, inda sama ta haɗu da ƙasa. Kada a dubi itatuwan bakin hanya masu wucewa da gudu. In ba a ganin waje, a jingina kai, a rumtse ido. Barci ma magani ne.

Masu koyon karatu, a yi haƙuri, cikin mota ba wurin karatu ba ne. A ninke jarida sai an sauka. Haka kallon waya.

Kada a shiga mota da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo. Ɗan kunu ko ɗan burodi ya isa. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Taunar citta ko shan ruwanta yana taimakon wasu. A bar taba. A buɗe taga iska ta shigo. In zuciya ta fara tashi, a ja numfashi sannu, a sake shi sannu.

Yaro a ɗaga shi yadda zai ga waje. Kada a lulluɓe kanshi cikin zane, kada a buge shi don ya yi amai. A riƙe leda da tsumma. Wanda ke amai yana kwance, a juya shi bisa gehenshi don kada aman ya shaƙe shi. In aman ya yi yawa, a dama fakiti ɗaya na gishirin zawo cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Jiki kuma yana sabo. Ma'aikatan jirgin teku da masu zuwa sararin samaniya da yawa suna wahala kwana 2 ko 3 na farko, daga nan abin ya lafa. Yau da gobe, gajerar tahiya zuwa kasuwa tana koya wa jiki doguwa.

Abu ɗaya na lura. In mutane da yawa cikin mota ruhe suka kama ciwon kai da jiri da barci a lokaci ɗaya, wataƙila hayaƙin inji ne ke shigowa. Wannan guba ce. A tsaida mota, kowa ya hita ya sha iska.

Jirin da ke zuwa ba mota

Jirin mota yana tahiya bayan an sauka an huta. Akwai wani jirin daban, mai samun mutum cikin gidanshi. Wannan abin ɗaurawa a hannu ba ya maganinshi.

Wanda ya hi yawa shi ne na tsakuwa. Wani lokaci tsakuwar nan ta cikin kunne tana ɓallewa ta faɗa cikin bututu. Tsufa yana kawo haka, buguwa a kai ma tana kawowa. Mutum ya juya bisa shimhiɗa, ko ya ɗaga kai ya dubi saman rumbu, ko ya yi ruku'u, sai ya ga ɗaki yana juyawa. Ba ya kai minti ɗaya sai ya tsaya. In ya sake wannan motsi, ya komo.

Na biyu shi ne ciwon da aka sa wa sunan likita Meniyer. Jirin yana ɗaukar daga minti 20 zuwa awoyi. Kunne ɗaya yana ƙara, yana nauyi kamar an toshe shi, ji yana raguwa. Likita yakan ce a rage gishiri, ya ba da magani.

Na ukku kumburin jijiyar kunne. Jiri mai tsanani da amai har kwanaki, sa'an nan ya ragu sannu sannu.

Na huɗu daga magani yake. Allurar istiraptomisin, wadda aka daɗe ana yi wa masu tarin huka, da allurar jantamisin, suna iya kashe ma'aunin kunne in an wuce misali, kuma abin da suka kashe ba ya komowa. Kinin ma yana sa ƙarar kunne da jiri, amma nashi yakan wuce. Wannan dalili ya isa ya hana mutum miƙa jikinshi ga mai allurar kasuwa. Wanda likita ke yi wa irin wannan allura, in ya ji ƙarar kunne ko tangaɗi, ya faɗa ran nan.

Ba kowane jiri ba ne na kunne. In mutum ya tashi tsaye ya ga duhu-duhu, ba juyawa ba, galibi ƙarancin jini ne, ko yunwa, ko ƙishirwa, ko zahin rana. Awon jini ne ke rarrabewa.

Kayan aikin likitan kunne

Likita ba ya ganin ma'aunin, amma ido yana tona asirinshi. In ma'auni ya rikice, ƙwayar ido tana rawa da kanta. Wani likita Bajamushe, Firenzel, ya ƙera tabarau mai kaurin gilashi da ƴar hitila a ciki. Marar lahiya ba ya ganin komi sosai ta cikinshi, likita kuwa yana ganin idon ya yi girma. Na zamani yana da kamara mai nuna idon bisa allon kwamfuta. Ana kuma yin gwajin Barani da ruwa ko iska mai ɗumi da mai sanyi. Irin wannan aiki na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kamar waɗanda ke manyan asibitocin Yamai. Hanyar zuwa wurinsu tana farawa daga likitar ƙauye, inda ake ba da takarda.

Jirin tsakuwa kuwa ba ya bukatar inji ko allura. A 1952 likitoci biyu na birnin Landan, Dikis da Holpaik, suka nuna yadda ake gane shi. Ana juya kan mutum gehe, a kwantar da shi da sauri, a dubi idonshi. A 1988 Semon na Faransa, a 1992 kuma Epli na Amurka, suka wallafa hanyoyin maida tsakuwar mazauninta. Likita yana juya kan mutum daki-daki, yana dakatawa kamar rabin minti ko minti ɗaya a kowane wuri, kamar mai karkata ƙwarya don tsakuwa ta gangaro. Ƴan mintoci an gama. Kamar mutum 8 cikin 10 suna samun sauƙi. Abin yana iya komowa, sai a sake. Kada a gwada a gida kahin likita ya tabbatar da ciwon da kunnen da ya kama, balle ga mai ciwon wuya. A wasu asibitocin Turai akwai kujera mai juya mutum gaba ɗaya, don waɗanda wuyansu ko bayansu ba ya lanƙwasuwa.

Ga wanda jijiyarshi ta kumbura, ƙwayar jiri ta kwana 2 ko 3 ce kawai. In an zarce, tana hana ƙwaƙwalwa koyon sabon zama. Abin da ke warkarwa motsa jiki ne. Ga ɗaya da likitoci ke koyarwa. A rubuta babban baƙi ɗaya bisa takarda, a manna ga bango daidai ido. Mutum ya zauna, ya kafa ido ga baƙin, ya riƙa juya kai dama da hagu sannu, baƙin bai ɓace mashi ba. Minti ɗaya, sau da dama a yini. Da kwanaki sai ya ƙara sauri, ya yi a tsaye.

Ga waɗanda ma'auninsu biyu suka mutu, masana suna ƙoƙarin ƙera na lantarki da ake dasawa cikin kunne. An fara dasa shi ga mutum a 2007 a birnin Janeba na ƙasar Suwis. A 2021 asibitin Jon Hopkins ta Amurka ta ba da labarin mutum 8 da aka dasa wa. Tahiyarsu ta gyaru, amma jin kunnen da aka yi wa aiki ya ragu ga mahi yawansu. Abin yana matakin gwaji, ba a kasuwa yake ba. Duk wanda ya zo ƙauye da wata na'ura ya ce tana warkar da kowane jiri, kuɗi yake nema.

A ƙauye, kayan da suka hi amfani ga mai tangaɗi guda biyu ne: sanda da tocila. Sanda tana ƙara wa shaidan ƙafa ƙarhi, tocila tana ƙara wa shaidan ido. Mai jiri kada ya tsaya bakin rijiya, kada ya shiga ginin rijiya, kada ya hau itace ko rumbu ko saman kayan mota, kada ya tuƙa babur, sai ya warke. Mace mai jiri kada ta tsaya kusa da wuta da goyo. Kada a zuba ruwan sanyi, ko mai, ko ruwan ganye cikin kunne, kada a soka tsinke ko gashin kaza. Ciwon yana inda waɗannan ba su kai, sai dai su huda dodon kunne.

Alamun da ba a kwana da su

In jiri ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, a kai mutum asibiti nan take, ko da dare ne:

Baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.
Hannu ko ƙafa ta mutu a gehe ɗaya.
Mutum yana ganin abu ɗaya biyu, ko ya kasa tsayuwa ko zama shi kaɗai.
Ciwon kai mai tsanani wanda bai taɓa jin irinshi ba.
Masassara da sanƙarewar wuya.
Kunne yana zubar da mugunya, ko ya kurumce farat ɗaya.
Ciwon ƙirji, ko suma.
Mai ciki da ciwon kai, da kumburin huska, da gani dishi-dishi, ko zubar jini.

A irin wannan hali, tsoron amai cikin mota ba hujja ba ne. A kwantar da marar lahiya bisa gehenshi, a riƙe leda, a kama hanya. Amai yana wankuwa, jinkiri kuwa ba ya gyaruwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Su wane ne shaidu ukku masu kai labari ga ƙwaƙwalwa?
2. Don mi direba ba ya shan ƙwayar jiri?
3. Mi ya bambanta jirin mota da jirin tsakuwa?
4. Wa ke da tangaɗi cikin garinku, kuma wane aiki ya kamata a ɗauke mashi?

Wanda ya iya karatu, ya kai wannan jarida gida, ya karanta wa mata da dattawa da direbobin tasha. Lahiya uwar jiki. Allah ya kai kowa gida lahiya.